Bikon Nata'ala da Firjin Surukarsa

A Gwarzo, in ka ji ana raɗa ana cewa kowa ya ɓoye rediyonsa, ba sai ka tambaya ba, Nata'ala ne ya shigo layi. Mutumin kirki ne, wallahi, ga fara'a ga zumunci, ba ka taɓa jin shi da kowa. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya ganin abu mai waya ko mai noti ya wuce shi lafiya. Tun da ya taɓa zuwa Kano ya yi wata damina yana taya wani mai gyaran firji ɗaukar kaya, ya dawo mana da jakar filaya da sukundireba, ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya. Mu dai har yau ba mu ga abin da ya kwance ya sake tashi ba.

Matarsa Barira tela ce, kuma Allah ya zuba mata haƙuri. Ya gyara mata dutsen guga, ya daina zafi, ta haƙura. Ya gyara fanka, ta koma juyawa da baya, ta ce ba komai. Ranar da ta dawo daga barkar haihuwa ta tarar ya yi wa keken ɗinkinta sabis, ga kayan bikin mutane jibge suna jira, ga notoci cike da kofi ya ce kamfani ne ya yi almubazzaranci da su, ranar ce haƙurin ya ƙare. Ta ɗauki mayafinta ta yi yaji, sai gidan iyayenta a Kabo.

Gida ya yi wa Nata'ala faɗi. Ya rame, ya daina zuwa majalisa, domin duk shirmensa yana son matarsa kamar ransa. Da abin ya ishe shi ya je ya sami ƙanin mahaifinsa, Baffa Mudassir, ya roƙe shi ya raka shi biko.

"Zan je," in ji Baffa, "amma da sharaɗi. In mun isa ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, duk abin da aka ce ka ce ka yi kuskure. Jakar nan kuma ka bar ta a gida."

"Baffa, ban haƙuri da baki kowa ya iya. Ni so nake in sami wani abu da ya lalace a gidan, in tayar da shi a gaban idonsu. Su da kansu za su ce Barira ba ta san mijin da Allah ya ba ta ba."

"Na ce ka bar jakar."

"To, Baffa, na ji."

Ya ji ɗin. Sai ya rataya ta a wuya ya ɗora babbar riga a kai, suka hau babur.

Sun isa Kabo da hantsi, rana ta fara gashi, lokacin bazara ne. Mahaifin Barira, Malam Gali, ya tarbe su a zaure, aka yi ta gaisuwa, an tambayi gida da iyali da zafi da hanya, har aka zo kan abin da ya kawo su. Malam Gali ya shafa gemu ya ce magana irin wannan ba a yin ta a tsaye, kuma ga shi ana jiransa wajen ɗaurin aure a Gude. Ya ja Baffa Mudassir suka tafi tare, a kan in sun dawo a zauna a ji ta bakin kowa.

"Kai kuma shiga ka gaida mutanen gida," ya ce wa Nata'ala.

Wayyo Malam Gali! Da ya san abin da ke ƙarƙashin babbar rigar nan, da ya ɗaure shi a bayan mota ya tafi da shi.

Nata'ala ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya shiga ya durƙusa can nesa ya gaida surukarsa, Inna Yelwa. Ta amsa daga bayan labule, murya ƙasa-ƙasa. Barira ce 'yarta ta fari, don haka ko sunan 'yar ba ta taɓa kamawa ba, sai dai ta ce "'yar nan", balle na mijinta. Tun da aka yi auren ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, kuma maganarsu ba ta taɓa wuce lafiya lau ba.

Ƙanwar Barira ce ta kawo masa ruwa, Kamila, wadda ke aure a nan maƙwabta. Ita kuwa abokiyar wasansa ce, ba ta raga masa.

"A'a, su Injiniya ne a garin namu? Shi ya sa tun safe agogona ke rawar jiki."

"Ke dai ba ki da kunya. Wannan ruwa ne ko shayi? Ɗumi kamar an sauke daga wuta."

"Sai haƙuri, firjin Inna ne ba lafiya."

Daga cikin ɗaki aka ji muryar Barira: "Kamila!"

Ina, bakin alƙalami ya bushe. Nata'ala ya riga ya miƙe, idonsa na walƙiya.

Firjin yana nan a rumfa, da wutar sola yake aiki, kuma da shi Inna Yelwa ke sana'ar zoɓo da kunun aya. Nata'ala ya buɗe. Gidan sama ya cika da ƙanƙara, ta lulluɓe bututun sanyi gaba ɗaya, ta yi tudu har ƙaramar ƙofar ba ta rufuwa. Ƙasa kuwa ba sanyi ko kaɗan, robobin zoɓo sai gumi suke.

"An riga an kira mai gyara a waya," in ji Kamila da sauri. "Ya ce robar bakin ƙofa ce ta saki, iska mai ɗumi na shiga tana daskarewa a kan bututun, sanyi ya kasa sauka. Ya ce a kashe a bar shi a buɗe ta narke da kanta, kada a kuskura a sa ƙarfe, zai zo da sabuwar roba."

Nata'ala ya yi dariya har da riƙe ciki. "A bar shi ya narke da kansa? Wannan ai ko akuya ta iya. Jira ba gyara ba ne, Kamila. Mu da muka sha firji a Kano, ciwo irin wannan kafin a kira azahar mun sallame shi."

Ya ɗaga babbar riga ya zaro jaka. Labulen Inna ya motsa. Ta yafito Kamila ta yi mata raɗa, Kamila ta dawo.

"Inna ta ce kada ka wahalar da kanka."

"Allah sarki Inna! Kara ce kawai irin ta manya. Ki ce mata wahalar ɗa a kan uwa lada ce."

"Ba kara ba ce, Injiniya. Cewa take ka bari. Ni ma na ce ka bari, don girman Allah."

"Ke yaushe kika taɓa faɗar magana ba wasa ba?"

To kun ji yadda aka yi mata uku suna kallo aka rasa mai hana shi. Inna kunya ta ɗaure mata baki. Kamila ko rantsuwa ta yi, wasa ne a wurinsa. Barira kuwa tana yaji, in ta fito ta yi masa magana kafin manya su zauna, yajin ya tashi a banza ke nan. Sai leƙe take ta taga tana cizon yatsa.

Ya zare soket, wannan kam ya yi daidai, kuma shi ne abu na ƙarshe da ya yi daidai a ranar. Ya hango tukunyar ruwan tuwo tana tafasa a murhu, ya sungumo ta da gefen riga ya watsa a gidan ƙanƙarar. Tururi ya turnuƙe, ya ja da baya yana fifita fuska, gwiwarsa ta daki babbar robar zoɓon da ba a ɗura ba tukuna. Zoɓo ya malale tsakar gida, ya haɗu da ruwan zafi, ya bi rariya ya fita titi jawur.

Ba a jima ba sai ga maƙwabciya Asibi ta faɗo da kwano a hannu.

"Barka, barka! Ashe har an shirya? Yelwa, a yanka rago a gidan nan ba a gaya mana ba, sai jini muka gani a rariya?"

"Zoɓo ne," in ji Kamila.

"Zoɓo? Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Ba ɓarna ba ce, Gwaggo," in ji Nata'ala. "Matakin farko ke nan, wanke ciki."

Asibi ta dubi jakar, ta dubi mai jakar. "Au, wannan ne mijin Barirar? To, yanzu na fahimta."

Kafin ka ce kwabo mata sun cika gidan, kowa na tofa albarkacin bakinta. Labule ya sake motsi, Kamila ta sake dawowa da saƙo.

"Inna ta ce an gode, Allah ya yi albarka, ya isa haka."

"Kin ji ko? Tun ban gama ba har ta fara sa min albarka. Amin, Inna, amin!"

Ya ce wannan aiki ba na cikin mata ba ne, yana bukatar sarari. Ya leƙa waje ya kirawo majiya ƙarfi, aka ciccibi firji aka kai shi ƙofar gida, gindin darbejiya inda maza ke shan iska. Gaskiyar magana, 'yan kallo yake so. Ya kuwa samu, har mai faci da mai shayi suka baro sana'arsu suka zo.

"Jama'a," ya ce yana naɗe hannun riga, "mene ne maganin sanyi?"

"Zafi," wani ya amsa.

"Madalla. Ashe Kabo ma akwai masu kai. Mai shayi, ara min kaskonka."

Ya cika kasko da garwashi, ya fifita shi ya yi ja, ya zura a cikin firjin ya danna ƙofa ya jingina da bayansa. Yana tsaye yana ba su labarin yadda ya taɓa gyara firjin wani otal a Kano, wanda girmansa sai da tsani ake shiga, sai wani dattijo ya fara jan hanci.

"Malam Injiniya, kamar ana ƙona taya."

"Ciwon ne ke fita, Baba."

"To ciwon nan naka hayaƙi yake yi ta bayanka."

Ya juya ya buɗe. Baƙin hayaƙi ya bugi fuskarsa, jama'a suka dare suna tari. Da ya lafa aka leƙa. Duk shantunan roba sun narke sun zubo kamar taliyar da ta wuce dahuwa, robar bakin ƙofa ta naɗe ta faɗo ƙasa. Ƙanƙarar kuwa ta yi baƙi ta ɗan rage, amma tana nan daram a kan bututun.

"Innalillahi!" in ji Kamila daga bakin zaure. "Injiniya, ka ƙone robar!"

"Ba ita mai gyaranku ya ce ita ce mai laifi ba? To na hukunta ta."

Mutane suka fashe da dariya, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Ya zaro sukundireba mafi girma, ya ɗauki dutse.

"An ce fa kada a sa ƙarfe!" Kamila ta ɗaga murya.

"Ga wanda bai iya ba."

Ya kafa bakin sukundireban a kan ƙanƙarar ya buga, ɓangare ya faɗo. Ya waiwayo ya dubi jama'a, ya sake bugawa, wani ya faɗo. Har an fara cewa a'a, ko dai mutumin nan ya san abin da yake yi. Ya ja numfashi ya ɗaga dutsen sama ya maka da ƙarfinsa.

Fsssssss!

"Maciji!" wani ya kurma ihu.

"Ba maciji ba ne, gas ne, zai fashe!"

Wuri ya yamutse. Mai shayi ya tsallake benci, dattijon nan da ke dogara sanda ya manta da ita ya riga kowa kai bakin masallaci. Nata'ala ya danna babban yatsa a kan hujin, sanyi ya cije shi, ya cire yana yarfe hannu, ya sake dannawa.

"Ku dawo! Tsohuwar iska ce ke fita, dama ita ta hana shi aiki. Kamila, sabulu! Kawo sabulun wanki!"

"Wanka za ka yi masa kuma?"

"Ke dai kawo!"

Ya gutsiri sabulu ya murza ya liƙe hujin, yadda 'yan acaɓa ke yi wa tankin mai in ya tsage. Ƙarar ta tsaya, ba don sabulun ba, don gas ɗin ne ya riga ya ƙare. Jama'a suka fara dawowa a hankali, kowa na riƙe da hanyar gudu.

"To yanzu da iskar ta fita," in ji mai faci, "me zai kawo sanyin?"

"Sabuwa za mu zuba. Ina famfonka?"

"Famfon taya? Ai na ji an ce gas na musamman ake sa wa."

"Kai, rabu da su, duk don a tsorata mutane ne. Gas ai iska ce da ta yi boko."

Aka kawo famfo. Ya zagaya bayan firjin ya sami wani ɗan bututu, ya datse bakinsa da filaya, ya cusa tiyo ya ɗaure da tsumma. Ya taka famfo ya shiga bugawa, gumi na zuba, babbar riga ta zama baƙa da ja, gawayi da zoɓo. Yana bugawa yana ƙirga wa jama'a irin sanyin da za a sha, wai ruwan da za a sa a ciki sai an fasa shi da gatari.

Daidai nan motar 'yan ɗaurin aure ta tsaya. Malam Gali ya sauko cikin farar shaddarsa, Baffa Mudassir na biye. Ya ga taro a ƙofar gidansa, ya ga jan ruwa a rariya, ya ga wani baƙin akwati mai hayaƙi da ya yi kama da firjin matarsa. Ya matso ya sunkuya ya leƙa ciki don ya tabbatar.

Nata'ala ya danna famfo da dukkan nauyinsa.

Fat! Sabulun ya yi tsalle ya daki hular Malam Gali, baƙin mai da ruwan toka suka biyo baya suka yi wa shaddar feshi tun daga wuya har ciki.

Baffa Mudassir ya dafe kai ya zauna a ƙasa.

Nata'ala ya durƙusa da sauri. "Sannu da dawowa, Baba. An ɗaura lafiya? Allah ya sa alheri. Wannan saura ƙiris ne. Sai dai ina zargin asalin matsalar daga sama take, daga solar nan ta kan rufi. In za a ara min tsani, yanzun nan zan hau in kwance ta in duba."

"NATA'ALA!"

Daga cikin zaure muryar ta fito, har ganyen darbejiya sai da ya girgiza. Inna Yelwa ce tsaye a bakin ƙofa, mayafi a karkace, tana nuna shi da muciya.

"Nata'ala, kai nake kira, da sunanka! In ka taɓa solar nan, wallahi sai na manta kai suruki ne!"

Asibi ta saki kwano. "La ilaha illallahu! Yelwa ta kama sunan mijin 'yar fari a bainar jama'a. Yau na ga abin da ya fi ƙarfin kunya."

Inna ta farga da abin da ta yi, ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki da sauri. Nata'ala kuwa a karon farko jikinsa ya yi sanyi. Ya dubi firjin, ya dubi shaddar, ya tuna abin da ya kawo shi Kabo, sai idonsa ya ciko. Ya san ya kashe bikonsa da hannunsa.

Malam Gali ya ciro hula ya kakkaɓe sabulun, ya dubi surukin nasa.

"Nata'ala."

"Na'am, Baba. Na yi kuskure."

"In na ce yau ba za a ba ka matarka ba, me za ka yi?"

"Zan dawo gobe, Baba. In ba a huce ba in dawo jibi. Wallahi ba zan iya zama ba Barira ba. Kullum ina nan ƙofar gidan nan har sai an yafe min, kuma duk abin da ya lalace a gidan, ni zan gyara shi."

Malam Gali ya waiwaya ya dubi gidansa, tun daga zaure har rufi. Sannan ya ɗaga murya.

"Barira! Ɗauko mayafinki."

Barira ta fito bakin zaure, ido jawur. "Baba, ai ba a zauna ba. Ba a ma ji ta bakina ba."

"'Yar nan, na ji, na kuma gani da idona, har a rigata. Duk abin da za ki faɗa, ke ce mai gaskiya. Amma mutumin nan yana sonki, kin ji shi da kunnenki, kuma muddin kina Kabo shi ma yana Kabo. Ke kin saba, kina da ƙuruciya. Mu tsufa ya kama mu, ki tausaya mana."

Dariya ta ɓarke, har Barira sai da ta juya baya tana danne tata da gefen mayafi. Malam Gali ya sa hannu ya karɓe jakar ya miƙa wa Kamila, ya ce a jefa ta a tsohuwar rijiya a rufe. Baffa Mudassir ya tashi yana ta ba da haƙuri, Malam Gali ya ce ba komai, su dai kama hanya tun da sauran rana, kada su tsaya ko'ina.

Da Barira ta zo hawa babur, Nata'ala ya waiwayo yana washe baki.

"Kin ga aiki ko?"

"Na gani. Ja mu tafi tun gidan ubana yana tsaye."

Yanzu haka in ka zo majalisarmu a Gwarzo aka tayar da zancen biko, Nata'ala ne ke karɓe maganar. Sai ya gyara zama ya ce wasu sai su yi ta zarya gidan surukai har takalmi ya ƙare, shi kuwa firji ɗaya ya taɓa, da bakinsu suka ce ya ɗauki matarsa ya tafi. Abin da ke ba mu haushi shi ne, mun rasa ta inda za mu ƙaryata shi.